Huhu da gigin tsufa, maganar ba yau ta fara ba

Kwanan nan ana ta ja-in-ja a majalisu a Garwa ta ƙasar Kamaru kan wai raunin huhu na da alaƙa da gigin tsufa, wasu na cewa ai sabon salon likitoci ne kawai, ina ruwan ƙirji da kai. To maganar ta daɗe fa.

Na'urar da ake hurawa a auna ƙarfin huhu tun 1846 John Hutchinson ya fito da ita a Ingila, shi kuma Alzheimer a 1906 ya bayyana cutar gigin tsufa da ake kira da sunansa a Jamus. Daga nan likitan ƙirji na harkarsa, likitan ƙwaƙwalwa na tasa. Taba sigari kuwa kowa ya san labarinta, ba sai na ja ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne karnukan birnin Meksiko. A 2002 wata likita, Lilian Calderón-Garcidueñas, ita da abokan aikinta suka duba ƙwaƙwalwar karnukan da suka tashi cikin hayaƙin birnin suka gwada da na Tlaxcala, wani gari a ƙasar ta Meksiko inda iska ta fi tsabta, sai ga karen birni ko tsufa bai yi ba amma cikin hancinsa ya lalace, ƙwaƙwalwarsa kuma ta fara nuna irin lahanin da ake gani a jikin masu cutar Alzheimer. Kare dai ba ya shan taba, ba ya shiga masana'anta, iskar unguwa kawai ya shaƙa. Ni a ganina nan ne maganar ta juya, don daga nan aka fara bin sawun ƙananan ɓurɓushin hayaƙi, yadda suke tayar da kumburi su ɓata jijiyoyin jini, ga kuma huhun da ya gaji ba ya kai wa ƙwaƙwalwa isasshiyar iska.

Sai a 2019 wani bincike a Amurka da ya bi mutum sama da 14,000 har shekara 23 ya nuna masu ciwon huhu a tsakiyar shekaru sun fi fuskantar rikicewar tunani, alaƙa suka ce sun gani, ba wai duk mai tari zai rikice ba. A 2020 kwamitin mujallar likitoci ta Lancet ya saka gurɓatar iska cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin gigin tsufa.

Mu a nan ba sai an je Meksiko ba. Ga ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a Chadi ta rufe Kuseri da Marwa, ga mai ƙosai da tun asuba ta duƙa kan murhu tana hura ɗanyen itace idonta na hawaye, madafar ko taga babu, bango ya yi baƙi ƙirin. Ba ta taɓa riƙe sigari ba wallahi. Ranar da ta fara manta sunan jikokinta sai a ce tsufa ne ko sammu aka yi mata, ba mai tambayar tarin da ta shekara da shekaru tana yi. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki a gida ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a 2020 kaɗai.