Sa idon jama'a kan muhalli a yankunan ma'adinai da madatsun ruwa na Sudan

Sa idon jama'a kan muhalli tsari ne da mazauna wuri ke lura da halin ruwansu, ƙasarsu da dabbobinsu a inda ake haƙar ma'adinai ko gina madatsar ruwa, su rubuta abin da suka gani, su kai gaban hukuma ko kamfani. Tushensa a dokokin duniya shi ne ƙa'ida ta 10 ta sanarwar Riyo ta 1992, ta taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli, wadda ta ce jama'a na da haƙƙin samun bayani kan muhallinsu da shiga cikin yanke shawara. A Sudan akwai dokar kare muhalli ta 2001, wadda ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka kafin a fara su. Sai dai nazari ne na kafin aiki. Abin da ke biyo baya, mazauna wurin ne ke kwana da shi.

Zinariya

Bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011, wadda ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, zinariya ta zama babbar hanyar samun kuɗin waje. Mafi yawanta daga hannun ƙananan mahaƙa take fitowa, a jihohin Kogin Nilu, Arewa, Bahar Maliya, Kudancin Kurdufan da Darfur. Ana niƙa dutse a injin, a cuɗa garin da zaiba don ta kama zinariyar, sannan a ƙona curin. Zaibar ta tashi hayaƙi, mai ƙonawa da maƙwabtansa su shaƙa. Ragowar ƙasar ana kiranta karta (ba ta caca ba, kalmar mahaƙan Sudan ce), kamfanoni kan saye ta su tace da sinadarin sayanayid mai guba.

A nan ne aka fi jin muryar jama'a. Makiyayi ne ke fara ganin akuyarsa ta faɗi bayan ta sha daga kududdufin da ke kusa da tafkin tacewa, mace mai ɗiban ruwa ce ke fara jin ɗanɗanon rijiya ya canja. A Talodi ta Kudancin Kurdufan, koke-koke irin waɗannan sun kai ga zanga-zanga da ƙona kayan kamfanoni a Oktoban 2019, kuma a watan ne majalisar ministocin gwamnatin riƙon ƙwarya ta sanar da hana amfani da zaiba da sayanayid a haƙar zinariya. Hanin bai zauna da gindinsa ba, an ci gaba da amfani da su.

Ido kaɗai ba ya wadatarwa. Zaiba ba ta da wari a ruwa, tana taruwa a jikin kifi da na mutum sannu a hankali, sai an kai samfurin ruwa, ƙasa ko gashi ɗakin gwaji ake tabbatar da ita. Shi ya sa tsarin da ya fi amfani shi ne wanda mutanen gari ke ɗibar samfur da hannunsu, su rubuta rana da wuri, jami'a ko wani ɗakin gwaji da ba na kamfanin ba ya auna, a karanta sakamakon a gaban kowa. In kamfani ne ya zaɓi 'yan kwamiti kuma shi ke biyansu, kura aka ba ajiyar nama.

Bakin kogi

Hausawan Sudan da yawa suna zaune a gaɓar Shuɗin Nilu, musamman Mai Wurno kusa da Sinnar, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Noman fadama da kamun kifi ne sana'ar da yawansu, saboda haka sun san lokacin da ruwa ke cika da janyewa, da irin kifin da ya yi ƙaranci. Madatsar Sinnar ta 1925 da ƙarin mita 10 da aka yi wa madatsar Rusairis, wanda aka kammala a 2013, duk sun taɓa wannan zagayen. Tsohon masunci na iya faɗa wa injiniya abin da ma'aunin shekara ɗaya ba zai nuna ba, in an tambaye shi.

Sanannen misali na sa idon jama'a a ƙasar shi ne na tsibirin Tuti a Khartum. Tun ambaliyar 1946 mazaunansa suke da tsarin da suke kira taya: ana kafa wuraren tsaro a gefen tsibirin, matasa su riƙa gadin ruwa dare da rana, in ya taso a buga ganga, a busa usur, a yi shela a masallatai.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa hukumomi da jami'o'in Khartum da ke yin gwaje-gwaje, amma haƙar zinariya ba ta tsaya ba. A wurare da dama, abin da ya rage na lura shi ne hoton da wani ya ɗauka da wayarsa ya tura wa 'yan garinsu ta WhatsApp.