Waiwaye: yadda bambancin zafin tekun Fasifik ya rikita masana yanayi

Maganar nan ta faro ne tun zamanin Gilbert Walker, Baturen Ingila da aka ba shugabancin ofishin yanayi na Indiya a 1904, bayan yunwar 1899 da ƙarancin ruwan sama ya jawo. Shi dai hasashen damina yake nema, sai ya ƙare da gano wani abu daban: in nauyin iska ya hau a gabashin Fasifik sai ya sauka a yammacinsa, kamar sikeli. Dalilin kuwa bai kai gare shi ba.

Wani masanin yanayi mai suna Jacob Bjerknes ne ya warware ƙullin a 1969. Ruwan ɓangaren Indonesiya a yammacin tekun ɗumi gare shi, yana kaiwa digiri 29 zuwa 30, na gaɓar Peru a gabas kuma sanyi saboda ruwan can ƙasa da ke tasowa sama. To wannan tazarar ita ke tura iska daga gabas zuwa yamma, iskar kuma ta ƙara tara ruwan ɗumi a yamma, tazarar ta ƙara faɗi, kowanne na ingiza ɗan'uwansa. Duk shekarar da iskar ta yi la'asar sai ruwan ɗumin ya kwararo gabas, shi ne El Nino, irin na 1997 zuwa 1998 da ya kawo ambaliya a Peru da fari da gobarar daji a Indonesiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗumamar yanayi. Yawancin lissafin kwamfuta cewa yake gabas zai fi saurin ɗumama, tazarar ta ragu, iskar ta yi rauni. Amma fa abin da aka auna daga wajen 1980 zuwa yau akasin haka ne, yamma ta yi zafi, wani yanki na gabas ma ɗan sanyi ya ƙara, iskar ta ƙara ƙarfi, ga La Nina, kishiyar El Nino wato lokacin da gabas ke ƙara sanyi, da ta jera shekara uku daga 2020. Wasu sun ce juyin teku ne na ɗabi'a zai wuce, wasu na zargin sanyin tekun da ke kewaye da Antatika, wasu kuma tun 1996 irin su masaniyar yanayi Amy Clement suka ce ai ruwan ƙasan nan mai tasowa zai jinkirta ɗumamar gabas. Ni dai a ganina shekara 40 ta yi yawa a ce dacewa ce kawai.

Kuma ba ƙaramar magana ba ce, don sanyin gabashin shi ke riƙe da gajimaren ƙasa-ƙasa masu mayar da hasken rana sama. In ya ɗumama suka ragu, zafin duniya zai ƙara gudu.