Dillaliya da la'adarta: yadda kayan ɗaki ke sauya hannu a Damagaram

Dillaliya ita ce macen da ke shiga tsakanin mai sayarwa da mai saye, ta karɓi kaya a wannan gida ta kai wancan, alhali kayan ba nata ba ne. Nan ta bambanta da ƴar kasuwa. Ƴar kasuwa da jarinta take saro kaya, in an ci riba tata ce, in an faɗi ita ta faɗi. Dillaliya kuwa jarinta ƙafarta ne da bakinta da yardar da mutane suka yi mata, ladan wahalarta kuma shi ake kira la'ada. Duka kalmomin biyu daga Larabci muka aro su: dillali daga "dallal", mai nuna hanya, la'ada kuma daga "al'ada", wato abin da aka saba bayarwa.

Sana'ar ta daɗe a garin nan. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin da ke bin hanyar Kano zuwa Agadas har Tarabulus a unguwar Zango suke sauka, kuma baƙon da bai san gari ba bai isa ya sayar da hajarsa ba sai ta hannun mai masaukinsa da dillali. Wancan dillancin maza ne, na raƙuma da fatu da gishiri. Na mata a cikin gidaje ya girma, domin matar da ke kulle ba ta zuwa kasuwa, sai kasuwar ta zo mata har tsakar gida a cikin ƙunshin dillaliya.

Abin da ya fi yawa a hannunta kayan ɗaki ne. Ƙananan takan ɗauko su a ka: kuloli, kwanonin samira, farantai, tire, labule, zannuwan gado. Manyan, irin su gado da katifa da kujeru da kabet, suna nan inda suke, labarinsu take yawo da shi. Kayan ɗaki mallakar mace ne, iyayenta suka yi mata, don haka su ne asusunta. Ranar da yaro ya kwanta asibiti, ko aka sa ranar ƴarta kuɗi bai cika ba, ko aka sauya wa maigida wurin aiki zuwa Difa ko Tawa kuma kuɗin motar kaya ya fi ƙarfinsu, sai ta aika a kira dillaliya. Babu macen da ke son a ga gadonta a bakin titi ana tayawa, maƙwabta suna nuni. Dillaliya ta gari takan fitar da kayan ba tare da an san daga ɗakin wa suka fito ba, kuma a ganina wannan rufin asirin shi ne babban aikinta, ya fi cinikin kansa daraja.

Ga mai ƙaramin ƙarfi kuwa, ita ce ƙofar da ke buɗe. Uwar da ba za ta iya sabon saitin gado a wurin kafinta ba tana iya samun wanda aka yi shekara ɗaya ko biyu ana amfani da shi, a sake masa fenti, a sa sabuwar katifa, amarya ta shiga ɗakinta ba tare da an raina ta ba. Wata dillaliyar ma takan tsaya wa mai saye, a ba da rabi yau, ragowar sai an kwashi adashi.

To, la'adar fa, wa ke biya? A nan ne yawancin rigima ke tasowa. Akwai la'ada ciki, akwai la'ada waje. A ɗauki misali an sallama gado a jika 80. In an ce la'ada ciki, mai saye jika 80 ɗin kawai za ta ƙirga, a cikinsu ne mai kaya za ta cire wa dillaliya rabonta. In an ce la'ada waje, mai kaya za ta karɓi kuɗinta cif, mai saye ce za ta ƙara na dillaliya a kai. Dukansu daidai ne matuƙar an faɗa tun kafin a tafa. Ga yadda mai wayo ke yi:

"Inna, nawa mai shi ta ce?"

"Jika 90 ta ce, ƴata, amma taya mu ji."

"Na saya 75."

"Albarka. In kin cika 80 zan je in lallashe ta."

"Na cika, Inna. La'adarki ciki ce ko waje?"

Wannan tambaya ta ƙarshe mata da yawa ke jin nauyin yinta, musamman in dillaliyar ta haife su. Bai kamata a ji nauyi ba, haƙƙi ne ake fayyacewa, kuma dillaliyar kirki daɗinta take ji.

Abin da ke ɓata sana'ar shi ne ɗori a ɓoye. Mai kaya ta ce a sayar 70, dillaliya ta je ta ce 85, ta dawo ta miƙa 70, sannan ta sake miƙa hannu a ba ta la'ada. Ta ci gaba ta ci baya. In mai kaya ce da bakinta ta ce "ki kawo mini 70, abin da ya hau naki ne", wannan yarjejeniya ce, an san da ita. Amma ɓoye farashi, ko ɓoye aibin kaya, ko a kawo wata ta riƙa taya kaya da tsada ba don za ta saya ba sai don a zuga mai saye, duk addini ya hana, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito a fili yake cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Ko dillaliyar mai gaskiya ce, ido na mai saye ne. Gado a ɗaga katifarsa a duba katakon da ke ƙasa. In an ga ƙananan huji da wani gari mai laushi yana zuba, ƙwaro ya riga ya shiga, fenti ba ya maganinsa. A ƙwanƙwasa jikin kabet, a leƙa bayanta da ƙasanta. Da yawa daga cikin masu ƙyalli ba katako ba ne, garin katako ne aka matse aka lulluɓe da fomeka. Irinsu da zarar ruwan wanke ɗaki ya taɓa gindinsu sai su kumbura, in kuma aka kwance su sau biyu ƙusa ba ta ƙara kamawa. Gadon ƙarfe na maƙeran walda bai kai su kyau ba, amma gara ba ta cinsa, hunturu ba ya tsaga shi. Katifa da kujerun soso kuwa, a buɗa ɗinkinsu a hasken rana: ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ne. Ni dai shawarata, a sayi gadon hannu amma katifa a daure a sayi sabuwa, ko da ƙarama ce. Kula a zuba mata ruwan zafi a rufe a dawo bayan wani lokaci, nan za a gane ko murfinta na riƙe zafi. Sannan a sa kuɗin amalanke ko adaidaita da na kafintan da zai kwance ya ɗaura a cikin lissafi, domin su ne ke cinye arahar da aka yi murna da ita.

Yanzu dillancin ya hau waya. Hotuna ake sakawa a WhatsApp da Facebook, har maza matasa sun shigo, kuma kaya ɗaya na iya bi ta hannun mutum uku kafin ya iso gare ki, kowa da ɗorinsa. Hoto ba ya nuna ƙafar kujera da ke rawa. Kada a tura ko dala sai an je an gani, kuma a tabbata kayan na mai sayarwa ne, ba na gadon mamaci da ba a raba ba, ba kuma na matar da ta yi yaji aka fitar a bayan idonta ba.

Farashin na hannu yana bin na sabo. Kaya da yawa daga Kano suke shigo mana ta Magarya ko Matamai, shi ya sa canjin naira da sefa ke taɓa har tsohon kwano. An ga haka lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sa'ad da aka sake rufe ta har aka buɗe a Maris na 2024. Lokaci ma yana da tasiri: da kaka da gab da azumi bukukuwa sun yi yawa, masu nema sun fi masu sayarwa, da damina kuwa, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, kaya sun fi fitowa. Mai ƴar da za a aurar ta fara gaya wa dillaliyarta tun da wuri.

Ba komai ne kuma ya cancanci a bi ta hannun dillaliya ba. Randa da tulu da kasko, na Mirriya sababbi ba su da tsadar da za a nemi tsoffinsu. Haka tabarma da turmi da muciya da tukwanen dalma na maƙeran gari: ranar Alhamis a shiga Kasuwar Dole da hantsi, a zagaya rumfa uku ko huɗu kafin a taya.