Jami'a Ɗaya a Ƙasashe Uku: Tambayoyi da Amsoshi Kan Dogon Shirin Jami'ar Nottingham

Kusan kowace jami'a a yau tana da kundin da take kira shirinta na shekara biyar ko goma, kuma da wuya ka buɗe ɗaya ba ka tarar da alkawura biyu ba: za mu inganta koyarwa, za mu faɗaɗa hulɗa da ƙasashen waje. Yawancinsu a takarda suke ƙarewa. Jami'ar Nottingham da ke tsakiyar Ingila na cikin 'yan kaɗan da suka shafe fiye da shekara ashirin suna bin hanya guda, har ana iya auna abin da ya fito.

Mene ne ainihin shirin?

A taƙaice, jami'ar ta yanke shawarar cewa ba za ta zauna a gida tana jiran ɗalibai su yi biza su zo mata ba, ita ce za ta je inda suke. A shekarar 2000 ta buɗe reshe a Kuala Lumpur, babban birnin Maleshiya, sannan a 2005 reshen ya koma harabarsa ta dindindin a Semenyih da ke jihar Selangor. A 2004 kuma ta buɗe wani a Ningbo, birnin tashar jiragen ruwa da ke lardin Zhejiang na ƙasar Sin. Duk wannan ya faru a zamanin Colin Campbell, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1988 zuwa 2008.

Waɗanda suka gaje shi ba su rushe abin da ya fara ba. David Greenaway ya fito da shirin da ya ɗauki 2015 zuwa 2020, Shearer West kuma ta fito da nata a ƙarshen 2019, inda aka kafa burin zama jami'ar da iyakokin ƙasa ba sa tare ta. Kalmomi sun canza, alkibla ba ta canza ba. A ganina wannan ɗorewar ita ce rabin labarin, domin sabon shugaba ya zo ya watsar da aikin wanda ya gada ciwo ne da ya kashe shirye-shirye masu kyau a jami'o'i da yawa.

Ta yaya ƙasar Sin ta yarda baƙuwar jami'a ta shigo?

Sa'a da shiri ne suka haɗu. A 2003 gwamnatin Sin ta fitar da dokar da ta ba jami'o'in waje damar buɗe makarantu, da sharaɗin sai da abokin tarayya na cikin gida. Nottingham ta haɗa kai da rukunin makarantun Wanli na Zhejiang, ta zama jami'ar haɗin gwiwa ta farko da aka amince da ita a ƙarƙashin dokar. Kafin nan, tun 2001, ta naɗa Yang Fujia, masanin kimiyyar nukiliya kuma tsohon shugaban Jami'ar Fudan ta Shanghai, a matsayin uban jami'a. Muƙami ne na girmamawa, amma mutumin ya san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa a Beijing. Tun ran gini ran zane.

Kwalin da ake bayarwa a Ningbo ko Semenyih daidai yake da na Ingila?

Wannan ita ce tambayar da komai ya rataya a kanta. A hukumance, e: Jami'ar Nottingham ce ke bayar da digirin, da Turanci ake koyarwa, kuma manhajar tana bin ƙa'idojin uwar jami'a. Har ginin ofishin shugabanni a rassan biyu an yi masa hasumiyar agogo irin ta ginin Trent da ke harabar Ingila, don baƙo ya gani ya san inda ya shigo. Sai dai hasumiya ba ta koyar da kowa.

Abin da ke riƙe darajar kwali aiki ne marar armashi da ba a ɗaukar hotonsa. Akwai tsarin da jami'o'in Birtaniya suka daɗe da shi na ɗauko malami daga wata jami'a daban ya duba jarrabawa. Kafin ɗalibai su ga tambayoyi, shi zai fara gani, ya ce wannan ta yi sauƙi, waccan ba ta da alaƙa da abin da manhaja ta ce za a koya. Bayan an yi maki kuma a turo masa samfurin takardu: wasu daga na sama, wasu daga na tsakiya, da na waɗanda suka faɗi. Ya zauna ya karanta, ya ce shin wannan saba'in da aka ba wance, a jami'armu ma saba'in za ta samu? Rahotonsa yana zuwa hannun hukumar jami'a, kuma dole sashen ya ba da amsa a rubuce. Idan aka shimfiɗa irin wannan tsarin a duka harabobin uku, aka riƙe shi shekara da shekaru, to maganar "digiri ɗaya" tana da tushe. Idan aka yi sakaci da shi, suna kawai ake sayarwa.

Akwai kuma maganar harshe. Ɗalibin Sin da ya shigo Ningbo ta jarrabawar shiga jami'a ta ƙasarsa, wadda ake kira gaokao, ya saba da haddace darasi da Sinanci. Shi ya sa digirin farko a can shekara huɗu ne maimakon ukun da aka saba a Ingila: shekarar farko ta share fage ce, ana koya masa Turancin karatu, yadda ake rubuta maƙala, yadda ake kafa hujja, da yadda ake ɗaga hannu a ce wa malami ban yarda ba. Wasu kwasa-kwasan kuma an tsara su shekara biyu a Ningbo, biyu a Ingila.

Wannan dabarar sabuwa ce?

Ko kaɗan. Ita kanta Nottingham, wadda ta fara a matsayin kwaleji a 1881, jarrabawar Jami'ar Landan ɗalibanta suke rubutawa har zuwa 1948 da ta samu ikon bayar da digirinta. A wannan shekarar ce aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ita ma digirin Landan take bayarwa har 1962 da ta tsaya da ƙafarta. Bambancin shi ne a wancan zamanin mulkin mallaka ne ya shimfiɗa hanyar, yanzu kuwa yarjejeniya ce da kasuwa.

To ɓangaren inganta koyarwa fa? Me ake yi a zahiri?

Matsalar manyan jami'o'in bincike, irin na rukunin Russell da Nottingham ke ciki, sananniya ce: da wallafa maƙaloli ake samun ƙarin girma, ba da iya koyarwa ba. Jami'ar tana alfahari da Peter Mansfield, malaminta da ya samu kyautar Nobel a 2003 saboda aikinsa kan na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI, kuma ta cancanci alfaharin. Amma ɗalibin aji ɗaya da ke zaune a layin baya a ɗakin lakca mai cin mutum ɗari uku ba Nobel ce damuwarsa ba. Damuwarsa ita ce ya fahimci darasi, kuma a dawo masa da aikinsa da gyara mai ma'ana kafin jarrabawa ta zo.

Matakan da aka ɗauka, a Nottingham da takwarorinta, kusan iri ɗaya ne. Sabon malami, ko da yana da digirin digirgir, ana sa shi ya yi kwas na koyon koyarwa a jami'a, yana aiki yana karatu. Cikin kwas ɗin, wani abokin aikinsa zai shigo ajinsa ya zauna a gefe da takarda, ya lura: minti nawa ya yi yana magana shi kaɗai, ya yi tambaya ya jira amsa ko shi ya amsa wa kansa, su waye suka yi shiru tun farko har ƙarshe. Bayan an tashi su zauna su tattauna. Wanda ya cika sharuɗɗa yana samun shaidar ƙwarewa daga hukumar Advance HE. An kuma buɗe hanyar ƙarin girma ta musamman ga malaman da koyarwa ce babban aikinsu, har su kai matsayin farfesa. Wannan na biyun ya fi kowanne tasiri a wurina, domin malami yana bin abin da ake saka masa a kai ne. Sauran kuwa, irin su naɗar lakca a ɗora a intanet da sanya kayan karatu a dandalin koyarwa na intanet mai suna Moodle, taimako ne, amma ba su ke gyara malami ba.

Akwai ma'aunin da ke nuna ko an ci nasara?

Akwai, sai dai a karɓe shi da taka-tsantsan. Tun 2005 ake yi wa ɗaliban shekarar ƙarshe na Birtaniya tambayoyi kan yadda suka ga koyarwa da maki da kulawar malamai. A 2017 kuma gwamnati ta fara raba wa jami'o'i lambar zinare, azurfa ko tagulla a ƙarƙashin tsarin auna ingancin koyarwa da ake kira TEF. Nottingham ta samu zinare a 2017, a zagayen 2023 kuma ta samu azurfa. An sauya yadda ake aunawa tsakanin zagayen biyu, don haka ba za a ce kai tsaye koyarwa ta lalace ba. Masu sukar tsarin ma suna cewa ba ya leƙa cikin aji. Gamsuwar ɗalibai yake aunawa, da yawan masu kammalawa, da irin aikin da suke samu. Hujjarsu ita ce a 2017 makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan, wato LSE, da duk sunanta a duniya, tagulla ta samu. Duk da haka, saukowa daga zinare hannunka mai sanda ne: jami'a na iya yin fice a ƙetare alhali ɗalibanta na gida suna da ƙorafi.

Ba neman kuɗi ne kawai aka yi wa ado da sunan ilimi ba?

Kuɗi na ciki, kuma babu amfanin ɓoyewa. Gwamnati ta ƙayyade kuɗin makarantar ɗalibin gida a Ingila: fam 9,000 a 2012, fam 9,250 daga 2017, aka bar shi a haka har 2025 da ya koma 9,535, alhali tsadar rayuwa ta cinye darajarsa. Ɗalibin waje kuwa babu ƙayyadewa, yakan biya ninki biyu ko uku. Da rarar kuɗinsa ake cike giɓin bincike da na koyar da 'yan gida. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta fitar da shiri a 2019 na kai yawan ɗaliban waje 600,000 da samun fam biliyan 35 a shekara kafin 2030, kuma an cimma adadin ɗaliban tun zangon karatu na 2020/21.

Amma reshe a ƙetare ba hanyar samun kuɗi da sauri ba ce. Gini, albashin malamai da rabon kuɗin shiga da abokin tarayya suna cinye mafi yawan abin da ya shigo. Ribar reshe ta fi zuwa ta bayan gida: suna, haɗin gwiwar bincike, da ɗaliban da ke wucewa Ingila don digiri na biyu.

Akwai waɗanda suka gwada abin ya ƙi?

Da yawa. Jami'ar New South Wales ta Ostireliya ta buɗe reshe a Singafo a 2007, ta rufe shi bayan zangon karatu ɗaya tak saboda ƙarancin ɗalibai. Monash ta buɗe a Afirka ta Kudu a 2001, daga baya ta sayar ta fice. Kwalejin haɗin gwiwar Yale da Jami'ar Ƙasa ta Singafo ma an sanar da rufe ta a 2021.

'Yancin malami ya faɗi ra'ayinsa fa, musamman a Sin?

A nan gizo ke saƙar. Jami'o'in haɗin gwiwa a Sin suna aiki a ƙarƙashin dokokin ƙasar, kuma akwai kwamitin Jam'iyyar Kwaminis a cikinsu. Masu goyon baya suna cewa ɗalibin da ya shafe shekara huɗu ana koya masa muhawara da tantance hujja ya samu abin da ba zai samu a wani wuri ba. Masu suka suna cewa malami kan ja bakinsa ya yi shiru tun kafin a ce masa ya yi, kuma babu rahoton mai duba jarrabawa da zai nuna tambayar da aka ji tsoron yi. Ina ganin duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya, kuma kundin shirin jami'a bai cika son tsayawa a kan wannan shafin ba.

Me ya shafi ɗalibin Najeriya a wannan labarin?

Ya shafe shi kai tsaye. A 2021 Birtaniya ta sa Najeriya cikin ƙasashe biyar da ta fi mayar da hankali a kansu, tare da Indiya, Indonesiya, Saudiyya da Biyetnam. A shekarar ce kuma aka dawo da bizar zama a yi aiki na shekara biyu bayan kammala karatu. Zuwa zangon 2022/23 'yan Najeriya sun haura 70,000 a jami'o'in Birtaniya, Indiya da Sin kaɗai ke gabansu. Sai abubuwa biyu suka faɗo a jere: darajar naira ta karye bayan sauyin tsarin canji na Yunin 2023, sannan daga Janairun 2024 aka hana yawancin masu zuwa karatun digiri na biyu tafiya da iyali. Masu neman gurbi suka ragu sosai, jami'o'in da suka jingina kasafinsu a kan wannan kuɗin suka shiga tsaka mai wuya.

Wannan ne ya ƙara wa tsarin reshe daraja a idon jami'o'in da kuma iyaye. Lancaster ta buɗe nata a Akara ta ƙasar Gana tun 2013, hukumar kula da jami'o'i ta Najeriya kuma ta fitar da ƙa'idojin da za su ba jami'o'in waje damar shigowa. Maleshiya dama ba baƙuwa ba ce ga malaman jami'o'in Arewa da suka yi digiri na biyu da na uku a can, kuma karatu a Semenyih ya fi na Ingila rahusa nesa ba kusa ba.

Wanda yake tunanin shiga irin wannan reshen, me ya kamata ya bincika?

Ya fara da sunan da za a rubuta a kan kwalin: na uwar jami'a ne ko na abokin tarayya? Ya tambayi su waye malaman, mazauna ne na dindindin ko masu zuwa su yi mako biyu su koma. Ya tambayi wa ke duba jarrabawa daga waje, da ko akwai damar yin zango ɗaya ko shekara a babbar harabar. Idan kwas ɗin na sana'a ne, kamar harhaɗa magunguna, injiniya ko lauya, ya tabbatar hukumar sana'ar a ƙasar da zai yi aiki ta amince da shi. Ya kuma sani cewa karatu a reshe ba ya ba shi bizar aiki ta Birtaniya, domin wannan bizar ta waɗanda suka yi karatun a cikin ƙasar ce.