Ma'anar juyin halitta: shin Allah ne ya tayar da shi, kuma ta ina rai ya faro?

Da wuya a ambaci juyin halitta a majalisa ko a Facebook ba tare da wani ya katse mai magana ba: "Au, zancen nan ne na wai mutum daga biri ya fito?" Shi ke nan, hira ta watse, wasu na a'uziyya wasu na dariya. Abin da ke jawo haka shi ne an cusa tambayoyi uku cikin buhu ɗaya. Akwai tambayar yadda jinsunan halittu ke sauyawa, akwai ta yadda rai ya faro tun asali, akwai kuma ta wanda ya yi duk wannan. Kalmar juyin halitta, wadda Larabawa ke kira taɗawwur, ta farkon kaɗai take amsawa.

A wurin masana halittu, ma'anarta ita ce sauyawar siffofin da ake gada a cikin wani jinsi daga zuriya zuwa zuriya, har tazarar ta kai inda za a samu jinsi dabam. Manomi ya san rabin wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Duk kaka yana ware zangarniyar da ta fi cika ya ajiye ta iri, ba ya shuka tsutsa-ci. Haka geron da muke ci ya samu: ciyawar daji ce aka yi ta zaɓa a yankin Sahel, wajen ƙasar Mali ta yau, fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Shi kansa Charles Darwin, Baturen Ingila da ya fitar da littafinsa a 1859, da kiwon tantabaru ya buɗe hujjarsa. Abin da ya ƙara shi ne cewa ko babu manomi, yanayi na yin irin wannan zaɓen. 'Ya'ya ba sa fitowa iri ɗaya, ana haifar fiye da waɗanda za su rayu, wanda siffarsa ta dace da wurin da yake shi ne zai fi barin zuriya. Wani ɗan ƙasarsa, Alfred Wallace, ya kai ga wannan tunani shi kaɗai, aka karanta takardunsu tare a Landan a 1858.

Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin jininmu. Wanda ya gaji ƙwayar sikila daga mahaifi ɗaya, wato mai AS, yana da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wani likita, Anthony Allison, ya nuna haka a Gabashin Afirka a 1954. Shi ya sa ƙwayar ta yawaita a inda sauro ya yi katutu, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da ita, duk da wahalar da mai SS ke sha. Kulorokwin ma da ya daina aiki, ba lalacewa ya yi ba. Ƙwayoyin cutar da suka iya jure masa ne suka rayu suka hayayyafa. Kusan babu malamin addini da ke musun wannan mataki. Gardama tana farawa ne idan aka ce haka aka yi ta tafiya cikin miliyoyin shekaru har dukkan masu rai suka fito daga tushe ɗaya.

Game da biri kuwa, ka'idar ba ta ce birin da ke ɓarna a gona kakan kowa ba ne. Cewa ta yi mutum da birin cimfanzi sun haɗa kaka na nesa, kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7 baya. Ɗaya daga cikin ƙasusuwan da ake kafa hujja da su a nan maƙwabta aka tono shi: ƙoƙon kan da aka sa wa suna Tumai, wanda aka samu a hamadar Jurab ta ƙasar Chadi a 2001.

To, rai fa, daga ina? A nan ne mutane da yawa ke ɗora wa Darwin abin da bai faɗa ba. Zaɓen yanayi ba ya aiki sai akwai abin da ke haihuwa yana gadar da siffa, don haka ba zai iya bayyana mai rai na farko ba. Darwin ya san da haka. A wata wasiƙa da ya rubuta wa abokinsa Joseph Hooker a 1871 ya yi hasashen wani ɗan tafki mai ɗumi da sinadarai a ciki, amma hasashe ne tsakanin aminai, bai kira shi ilimi ba.

Binciken asalin rai fanni ne mai zaman kansa, kuma har yau bai kai gaci ba. An san duniya ta kai shekara biliyan 4.5, an kuma ga alamun ƙananan halittu a duwatsun da suka kai shekara biliyan 3.5 a Ostareliya. A 1953 wani ɗalibi a Jami'ar Chicago, Stanley Miller, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi: ya rufe ruwa da wasu nau'o'in iska a cikin gilashi, ya riƙa sakar musu tartsatsin lantarki kamar walƙiya, cikin mako guda sai ga sinadaran amino asid, waɗanda su ne tubalin furotin, sinadarin da ke gina jiki. An kuma samu irin waɗannan sinadarai a dutsen da ya faɗo daga sama a garin Murchison na Ostareliya a 1969. Sai dai tubali daban, gida daban. Tsakanin amino asid da halitta mai cin abinci, mai kwafin kanta, akwai tafiya mai nisa da ba wanda ya taɓa yin ta a ɗakin gwaji. Wasu masana na ganin sinadarin RNA ne ya riga ɗan'uwansa DNA, wanda ke ɗauke da bayanan gado, wasu na duban maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙarƙashin teku. Duk wanda ya ce maka kimiyya ta gama warware wannan, ya yi ƙari. Haka ma wanda ya jingina imaninsa kacokan a kan wannan giɓi, ya gina ɗaki a bakin rafi, domin giɓin ilimi yakan cike.

Sai tambaya ta uku, wadda ita ce ainihin abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Akwai masu cewa juyin halitta gaskiya ne, kuma shi ne hanyar da Allah ya yi halitta da ita. Ra'ayin ya tsufa. Asa Gray, masanin tsirrai na Jami'ar Harvard ta Amurka kuma abokin Darwin, Kirista ne mai riƙo da addini, a kan haka ya tsaya. Darwin da kansa, wanda a ƙarshen rayuwarsa ya ce shi bai san ko akwai Allah ko babu ba, ya rubuta a 1879 cewa wauta ce a yi shakkar mutum zai iya zama mai imani ƙwarai kuma ya yarda da juyin halitta. Cocin Katolika ta bi wannan hanya da sharaɗi: Fafaroma Pius na 12 ya ce a 1950 ana iya binciken asalin jikin mutum, amma ruhi Allah ne ke halittarsa kai tsaye. A ɓangaren Musulmi, Shehu Husaini al-Jisr na birnin Tarabulus a Labanan ya rubuta a 1888 cewa ka'idar ba ta tabbata ba tukuna, amma ko da ta tabbata ba za ta rushe imani da Mahalicci ba.

Ni dai kalmar "ya tayar" da ke cikin taken wannan rubutu ce ba ta kwanta mini ba. Tana ba da hoton mai injin niƙa da ya ja igiya, inji ya kama, shi kuma ya koma inuwa. Wannan hoton na wasu masana falsafar Turai ne na ƙarni na 18, ba na tauhidin da ake karantarwa a zaure ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga: a wurinsa Allah ne ke halittar ƙonewa a duk lokacin da suka haɗu, haɗuwar al'ada ce kawai da Ya gudanar. Ibn Taimiyya ya saɓa masa, ya ce sababai suna da tasirin da Allah ya sanya musu. Amma babu ɗayansu da ya ce Allah ya fara aiki ya tafi. Musulmi ya san yadda girgije ke haɗuwa, bai hana shi cewa Allah ya saukar da ruwa ba. Ya san matakan da jariri ke bi a ciki wata tara, bai hana shi cewa Allah ya ba shi ɗa ba. Ko kalmar "katsam" da masana ke amfani da ita kan sauyin ƙwayoyin gado, nufinsu shi ne sauyin ba ya zuwa don biyan buƙatar halittar. Ko akwai nufi a bayansa ko babu, wannan ba abin da madubin ɗakin gwaji zai hango ba ne, kuma masanin da ya ce babu ya bar kimiyya ya shiga falsafa.

Inda gizo ke saƙar ga Musulmi shi ne Annabi Adamu. Alƙur'ani ya ce daga ruwa aka sanya kowane abu mai rai, bai kuma yi bayanin yadda aka yi raƙumi ko dabino daki-daki ba, don haka malamai da dama ba su ga matsala a juyin dabbobi da tsirrai ba. Amma a Suratu Ali Imrana, aya ta 59, an kwatanta Annabi Isa da Adamu, wanda aka halitta daga turɓaya aka ce masa "kasance". Mafi yawan malamai sun fahimci cewa Adamu ba shi da uwa ba shi da uba. Masu binciken ƙwayoyin gado kuma na cewa bambancin da ke jikin mutanen yau yana nuna kakanninsu dubbai ne a kowane zamani. Daga nan aka rabu. Wasu sun ƙi ka'idar gaba ɗaya. Wasu sun karɓe ta ga sauran halittu suka cire ɗan Adam. Wasu, irin su David Jalajel da Shoaib Malik, masu rubutu kan Musulunci da juyin halitta, sun ce Adamu da Hauwa'u kaɗai aka halitta ta hanyar mu'ujiza, nassi kuma bai tabbatar ba bai kuma kore ba ko akwai masu kama da mutane a doron ƙasa kafin su. Kaɗan ne suka yi wa ƙissar tawili baki ɗaya, kuma su ne suka fi shan suka daga sauran malamai.