Ku kwance igiyar nan daga ƙafar yaron

Iyaye mata, iyaye maza, kakanni, da ku nake. Aikina duba yara ne a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Argungu, ina kuma shiga ƙauyuka lokacin rigakafi da awon tamowa. Akwai wani tabo da idona ya gaji da gani: baƙin zobe a idon sawun yaro, wani lokaci a wuyan hannu, fata ta yi kanta, wani ma da ɗanyen miki ƙudaje na bi. Ba sai na tambaya ba, na san igiya ce. Wani tsohon zane aka murɗa, wani igiyar guga, wani har kaca da kwaɗo. In na ɗago na dubi uwar sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ba ya jin magana ne. In ban ɗaure shi ba gulbi za shi."

Ba don wannan ake kawo su ba ma. Zazzaɓi ne ko gudawa ke fito da su, ba don haka ba da babu mai ganin su.

Da yawa daga cikin yaran nan halinsu iri ɗaya ne. Ki kira sunansa har ki gaji bai waiwayo ba, amma a buɗe ledar biskit a bayan ɗaki ya ji. Shekara 3, shekara 4, babu magana, ko kuwa ya fara "mama" da "baba" sannan maganar ta ɗauke. Ba ya nuna abu da yatsa, sai dai ya kama hannunki ya ja ki har gaban randa. Ba ya shiga wasan yara. Ya fi son ya zauna ya jera murafun kwalba ko tsakuwa a layi, wanda ya taɓa masa guda ɗaya kuwa ya tayar da gidan. Yana kaɗa hannuwa, yana jujjuyawa, yana tafiya a kan yatsun ƙafa. A ta da injin niƙa ko janareta, ya toshe kunnuwa yana ihu. Wannan ita ce lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Da ita ake haihuwar yaro, haka ƙwaƙwalwarsa ta ginu, kuma gado na da hannu sosai a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiyasin cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, kuma an fi gano ta a yara maza. Ku ƙirga yaran unguwarku ku gani ko gidanku kaɗai ne.

Ba ɗan ruwa ba ne. Ba aljanu suka musanya miki shi ba don kin bar shi a ɗaki kin zagaya. Ba kishiya ba ce, ba kambun baka ba ne, ba kuma wani laifi kika yi da cikinsa ba. Allurar rigakafi ma ba ita ba ce, ku bar faɗa. Wani likita a Ingila ne ya fito da wannan magana a 1998, aka bincika aka tarar ba gaskiya a cikinta, mujallar da ta buga ta janye a 2010, shi kuma aka hana shi aikin likita. An bi ɗimbin yara a ƙasashe daban-daban, ba a ga alaƙa ba. Kada ki hana ƙannensa rigakafin ƙyanda saboda shi.

Na san abin da kuke tsoro, kuma tsoron na gaskiya ne. Yaran nan suna ficewa ba sallama, ba su san mota ba, ba su san babur ba, kuma da yawansu ruwa na jan su. A ƙasa irin tamu mai fadama da gulbi da kududdufi, ga rijiyoyi a buɗe, ga Neja a Yawuri, uwar da ta ce zuciyarta na tsinkewa in ta waiga ba ta gan shi ba, ba ƙarya take yi ba. Nitsewa a ruwa na daga cikin abubuwan da suka fi kashe irin waɗannan yara in sun ɓace. Ga surfe, ga girki, ga goyo a baya, maigida yana gona ko kasuwa. Wallahi ina tausaya muku, na san barcin kirki ma ba ku samu.

Amma duk da haka, ku kwance shi. Ƙofa ake tsarewa, rijiya ake rufewa, ba a ɗaure ɗa.

Me igiyar ta gyara? Ku faɗa mini gida ɗaya da aka ɗaure yaro shekara guda aka kwance shi yana magana. Abin da nake gani akasin haka ne. Ƙafafu sun shanye don rashin tafiya. Miki ya ruɓe, ga kashin dabbobi kusa, ƙofar cutar tetanus mai sandarar da jiki a buɗe. Yaron da da yake kaɗa hannu kawai, yanzu yana buga kansa da bango yana cizon kansa, sai ku ce "kun gani ko, abin ƙaruwa yake", a ƙara tsuke igiyar. Ku ne kuka ƙara shi. Yaro a bakin mutane yake tsintar magana, a tsakar gida, wajen cin tuwo, wajen wanka. Wanda aka turke a bayan ɗaki, wa zai ji ya kwaikwaya? Sannan wasu daga cikinsu suna da farfaɗiya. Ki yi tunanin ta tashi masa yana ɗaure, ke kina gidan biki. Ko gobara ta kama lokacin hunturu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake maganarsa a gabansa kamar ba ya nan. "Ai wannan ba mutum ba ne." "Da Allah Ya ɗauke shi da mun huta." Haba jama'a! Rashin magana ba rashin ji ba ne.

Mun san haka ne domin masu wannan lalura suna girma, kuma sun yi bayani da kansu. A duniya yanzu jama'a ce guda, suna da ƙungiyoyinsu, suna haɗuwa, suna rubutu a intanet, wanda bakinsa bai buɗe ba yana rubutawa da waya ko kwamfuta. Tun 1992 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiyar kansu, ba ta iyaye ba, ba ta likitoci ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu don wayar da kai a kansu, su kuma tun 2005 suka zaɓi 18 ga Yuni ranar da suke fitowa su ce ba su jin kunyar yadda aka halicce su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ku ji abin da suke faɗa.

Suna cewa kaɗa hannu da jijjiga jiki da ake dukansu a kai, da shi suke kwantar da hankalinsu. In aka riƙe hannun, abin da ke cikin ƙirji ba ya da mafita. Suna cewa ƙarar da mu ba mu ma lura da ita ba, su har zafi take yi musu a kunne, haka hasken rana mai ƙarfi, haka kaushin wata riga, haka warin wani abinci. Birgimar nan da ihu da kuke kira taurin kai ko tashin iska, sun ce abubuwa ne suka taru suka fi ƙarfinsu, a lokacin ba su da iko da jikinsu, kuma tsawa da duka ƙara wutar suke yi. Abin da ke taimako shi ne a rage hayaniya, a janye 'yan kallo, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a zauna kusa a yi shiru. Suna cewa kallon ƙwayar ido yana takura su, sun fi fahimtar magana in suna kallon gefe. Mu da muke koya wa yaro sunkuyar da kai gaban babba, me ya kai mu riƙe haɓarsa muna cewa "dube ni"? Suna cewa in an saba abu kullum a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya, hankalinsu ya fi kwanciya, shi ya sa canza masa kwano ko hanyar da aka saba bi ke zama tashin hankali. Kuma da yawansu suna cewa sun tuna abin da aka yi musu suna yara, da abin da aka faɗa a kansu ana zaton ba su fahimta. Ki riƙe wannan. Yaron da ke turke yana sane.

Akwai wata mata mai wannan lalura a Amurka, Temple Grandin, an haife ta a 1947. Ta haura shekara 3 ba ta yi magana ba, aka ba uwarta shawara ta kai ta gidan ajiye masu taɓin hankali, uwar ta ƙi, ta nemo mai koya mata magana. Yarinyar nan ta zama farfesa a fannin dabbobi a jami'ar jihar Colorado. Ita ta lura cewa abin da ke sa saniya ta toge a hanya sau da yawa ƙaramin abu ne, inuwa a ƙasa, ko ƙyallin ruwa, ko wata sarƙa da ke lilo, ta zana hanyoyin bi da shanu da manyan mayankan ƙasarta ke amfani da su. Ta ce da hotuna take tunani, shi ya sa take ganin abin da saniya ke gani. Mu mutanen shanu ne, mun san darajar mai irin wannan ido.

Ban kawo ta don in ce kowane yaro farfesa zai zama ba. Wasu za su yi magana, wasu kaɗan, wasu ba za su yi ba har abada, kuma za su buƙaci mai kula da su duk rayuwarsu. Wannan ma ɗa ne, haƙƙinsa bai ragu ba. A garuruwanmu ma akwai manya masu irin wannan hali da ba wanda ya taɓa duba su, ana dai ce musu miskilai: ba su son taro, ba su iya hira ba, amma aikin hannunsu ba ya karkacewa. Sun samu gidan da aka haƙura da su ne, aka bar su cikin mutane.

Yanzu ku, iyaye maza. Sau da yawa in na matsa, uwar cewa take, "Babansa ya ce kada a bar shi ya fito, mutane na gani." To ashe ba gulbi kaɗai ba ne, har da kunya. Kada a ce gidan Malam wane akwai taɓaɓɓe, kada a ƙi auren yayyensa mata. Alhaji, ɗanka ne, jininka ne. Ka riƙe hannunsa ka fita da shi ƙofar gida da yamma, ka tafi da shi gona, ka zaunar da shi kusa da kai. Ranar farko za a kalla, ranar goma an saba. Kun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Kyanwa ke nan. Kuma mutanen Kabi ba mu manta 2020 ba, lokacin da aka ceto wani yaro a Birnin Kebbi da aka ɗaure wajen dabbobi kusan shekara 2, duk ƙasar nan ta ɗauka, kowa na Allah wadai. Wasu da suka yi Allah wadai a ranar, akwai igiya a bayan ɗakinsu.

Addu'a kuwa ku yi, ku ƙara. A yi masa tofi, a karanta masa Alƙur'ani cikin murya mai taushi, ba mai hana ku. Amma duk wanda ya ce sai an ɗaure shi, ko a zane shi da bulala don aljani ya fita, ko a turara masa hayaƙi mai shaƙe numfashi a rufe shi da bargo, ko a bar shi a gidan mari, ku ɗauki ɗanku ku tafi. Wanda kuma ya ce yana da maganin da zai warkar da ita tas, na gargajiya ko na kanti, kuɗinku yake so. Babu ƙwaya ko allurar da ke cire galahanga. Koyarwa ce da haƙuri, kuma gwargwadon yadda aka fara da wuri, gwargwadon yadda yaro ke ci gaba. Ku bar cewa "nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi" har ya kai shekara 7.

Abin yi, a gurguje:

- Ƙyaure mai sakata a sama inda hannunsa ba ya kai. Murfi mai nauyi a rijiya, a kife bahon ruwa.
- A raba tsaro tsakanin manya da yayye, kada a bar wa uwa ita kaɗai. A sanar da maƙwabta da masu shago: in kun gan shi shi kaɗai ku riƙe shi. In ya ɓace, a fara duba wajen ruwa.
- Yaron da ya shekara 1 ba ya waiwayo ga sunansa, ko ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko maganarsa ta ɗauke, a kawo shi. A fara da gwajin ji.
- Za mu tura ku wajen likitan yara a Birnin Kebbi, asibitin Sir Yahaya ko na tarayya. In ta kama, Sakkwato ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Zuwa Kware ba ya nufin ɗanku mahaukaci ne.
- Gajeriyar magana, ki nuna abin a hannu: "ruwa", "kofi". Ki jira, kada ki yi masa gaggawa. In nuni ya iya, ki karɓi nunin.
- Farfaɗiya tana da magani. Kada a sa masa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe.
- Ƙaramin aiki kullum: ba kaji hatsi, jera kwanuka, tsince wake. Makaranta da islamiyya a gwada, ko na awa ɗaya ne, a roƙi malam ya ajiye bulala a kansa.

Maƙwabta, ku ma ba ku fita ba. Kuna jin kukan ta katanga, kun san gidan. Ɗa na kowa ne. Ku sami maigidan a keɓe ku yi masa magana da mutunci, in ya ƙi ku gaya wa mai unguwa ko liman, ko ku zo asibiti ku faɗa mana, ba za mu ambaci sunanku ba. Ba tonon asiri za mu je yi ba. Za mu duba lafiyar yaron, mu rubuta takardar zuwa babban asibiti, mu zagaya gidan tare da maigida mu ga inda za a sa ƙyaure da yadda za a rufe rijiyar.