Waiwaye: Allurar testosteron da ciwon dajin furostet, daga 1941 zuwa yau

Tambayar da ma'aikatan lafiya a Kano ke ta ja-in-ja a kanta, har ta gangaro majalisun dattawa bayan la'asar, ita ce: namijin da aka taɓa samu da ciwon dajin furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsara, zai iya karɓar testosteron, sinadarin mazakuta da maraina ke samarwa, idan nasa ya yi ƙasa? Wasu sun ce ko kusa. Wasu sun tsinci labarin bincike daga Amurka a waya, suna cewa ai an gano babu komai. Duka ɓangarorin suna magana kamar jiya abin ya faro, alhali ya haura shekara 80.

A 1935 aka fara haɗa testosteron a ɗakin gwaji a Turai. A 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges na Jami'ar Chicago suka nuna cewa idan aka cire wa mai ciwon da ya bazu marainansa, ko aka ba shi sinadarin mata, ciwon yana lafawa. Huggins ya samu kyautar Nobel a 1966, kuma ya cancanta. Har gobe a kan wannan aiki ake tafiya: dattijon da ke zuwa asibiti duk wata uku a yi masa allurar da ke danne mazakutarsa, gadon 1941 yake ci. Daga nan aka ɗauki darasi guda, wai tunda rage sinadarin na kwantar da ciwon, ƙara shi dole ya tayar da shi a jikin kowane namiji.

Wurin da ya kamata a tsaya, aka wuce da sauri, shi ne 1981. A shekarar ce likitoci biyu, Fowler da Whitmore, na asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York, suka fitar da bayanan maza 52 da ciwon ya riga ya bazu a jikinsu, waɗanda aka ba su testosteron. Mutum 45 jikinsu ya rikice. Wannan adadi ne ya shiga bakin malamai da ɗalibai, kuma duk wanda ya ji shi dole hantarsa ta kaɗa.

Amma su waye waɗannan mutanen? Kusan dukkansu an riga an cire musu maraina ko an danne musu sinadarin da magani. Jikinsu babu testosteron, sai aka kwarara musu shi. A cikin jerin akwai mutum 4 da ba a taɓa yi musu irin wannan magani ba, kuma ɗaya ne kacal ya rikice da wuri. Mutum huɗu ba sa kafa hujja, gaskiya ne. Sai dai sun isa su sa a tambaya ko matakin da sinadarin yake a jikin mutum kafin allura shi ne ke raba gardama. Abin da ke ci mini rai shi ne an shafe kusan shekara 25 tambayar na kwance a takarda, maza da aka warkar suna fama da kasala, raunin ƙashi da mutuwar sha'awa, iyalansu na haƙuri a ɓoye.

Sai a 2006 Abraham Morgentaler, likitan mafitsara a Harvard, ya koma ya karanta tsofaffin takardun nan da idon basira. A 2009 shi da Abdulmaged Traish suka bayyana abin da suke gani: ƙwayoyin furostet suna da iyakar abin da za su iya ɗauka. Randar da ta ƙafe, guga ɗaya yana sauya ta. Wadda ta cika, ko ka ƙara goma zubewa za su yi. Kafin nan, a 2008, an haɗa bincike 18 da suka ƙunshi maza 3,886 masu ciwon, ba a ga alaƙa tsakanin yawan testosteron ɗin jikin mutum da kamuwa da shi ba. Gwajin TRAVERSE na 2023, mai maza sama da 5,000 da aka ba kusan rabinsu testosteron, bai nuna ƙaruwar ciwon ba, amma tun farko ba a shigar da masu tarihin ciwon ba. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta 2018 ma cewa ta yi hujjar ba ta kai a auna riba da haɗari ga irin waɗannan ba.

A nan ne maganar ta shafe mu. Sassaucin da ake ji daga waje ya ginu ne a kan mazan da aka gano ciwonsu da wuri ta gwajin jini na PSA, wanda hauhawarsa kan nuna matsala a furostet, aka yi musu tiyata ko gashi da na'ura, ana bibiyarsu a kai a kai. Mu kuwa yawancin iyayenmu ba sa isa Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala sai fitsari ya tsaya, ko ciwon baya ya hana su ruku'u, lokacin da ciwon ya riga ya kai ƙashi. Su ne ake cire wa maraina, su ne ake wa allurar wata uku. Wato su ne ainihin irin mutum 45 ɗin nan na 1981.

Ɗa zai ga mahaifinsa ya rame, ba kuzari, ya ce: "Baba, bari in karɓo maka allurar ƙarfi a kemis." Da kyakkyawar niyya yake yi, amma idan Baba na kan maganin danne sinadari, wannan allura za ta warware aikin maganin, ta iya tayar da ciwon ƙashi cikin makonni. Wanda aka cire wa ciwon tun yana ƙarami, PSA ɗinsa ya daɗe a ƙasa, lamarinsa daban ne, kuma likitan mafitsararsa na iya duba yiwuwar ba shi, da sharaɗin a riƙa auna jininsa.